Noti a Wuya

Da ana komawa baya a warware abin da aka ƙulla, akwai abubuwa da dama da zan so in taɓa, amma wanda zan fara da shi ƙarami ne. Da ban sunkuya na ɗauki wani ƙaton noti daga cikin tarkacen ƙarafa na zura masa waya ba. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na daɗe ina alfahari da shi, har nakan ba malaman wasu makarantu shawara su kwaikwaya, kuma na ji an ce wasu sun kwaikwaya.

Ni haifaffen Minna ne. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana, mahaifina kuma ya yi ƙira a bayan tasha har ƙarfinsa ya ƙare. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, sai jarrabawar sana'a da na ci a fannin walda. Turancina a bakin aiki na tsince shi, wajen wani injiniya Ba'indiye da wani helma, wato shugaban leburori, mutumin Gabas, shi ya sa kusan dukkansa na umarni ne: zo, tafi, ɗauko, ajiye, yi sauri, kashe inji. Na iya faɗa ma daidai gwargwado. Amma in aka zaunar da ni aka ce in yi hira, nan da nan zan fara duban agogo.

Bayan an yi jiha, Minna ta zama babban birni, sai gari ya cika da 'yan kwangila. Ko'ina haƙa ake yi, ko'ina ana neman mai hannu. A farkon shekarun tamanin aka ɗauke ni koyar da walda a wata kwalejin koyon sana'a da ke gefen gari. Ɗaliban ba yara ba ne. Samari ne masu gemu, wasu da iyali, kowa ya zo ne don ya samu takardar da za ta shigar da shi kamfani. A cikin malaman kuwa ni kaɗai ne ban taɓa kwana a kwaleji ba, kuma ko da ba wanda ya taɓa faɗa mini haka a fuska, ni ban taɓa mantawa ba.

Wata rana firinsifal ya tara mu ya ce kamfanoni suna kuka da ɗalibanmu. Hannunsu da kyau, amma in an zo intabiyu sai su tsaya kamar an dasa su. Malamar Turanci guda ce, wata yarinya 'yar Kudu mai bautar ƙasa, kuma ba kullum take samun kowane aji ba. Saboda haka kowane malami ya tabbatar ana Turanci a ɗakin aikinsa. Sauran malamai suka ce to, suka koma suka ci gaba da harkarsu da Hausa kamar yadda suka saba. Ni kaɗai na ɗauki maganar da zafi. Wanda ya fi kowa ƙarancin Turanci a makarantar shi ne ya tashi kare mutuncinsa.

A ajina na shekarar akwai wani dogon saurayi, ɗan manoman doya daga bayan Tudun Fulani. Ban taɓa ganin mai surutu irinsa ba. Yana goge ƙarfe yana magana, yana walda yana magana ta bayan gilashin kare ido, in ba kowa kusa sai ya yi da ƙarfen. Gbagyi ne yaren gidansu, amma ya iya Hausa kamar ni, yana zolayar Nufawan ajin da Nufanci, yana cinikin abinci da matan Yarbawa da bakinsu. Mahaifinsa da kansa ya rako shi makaranta a farkon zango, ya same ni a gindin mangwaron ƙofar ɗakin aiki, ya cire hula.

Ya ce, "Malam, yaron nan, hannu nashi ba ni da tsoro. Baki ne. Ka sa mashi Turanci, ya shiga kamfani. Gona ta ishe mu, mu da 'yan'uwan shi."

Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Ka kawo shi inda ya dace."

Abin da suke so ke nan, shi da ɗan: aikin kamfani, albashi a ƙarshen wata, hular kwano mai tambari. Kuma ni na ɗauki alkawari a gaban ɗalibai.

Dabarar notin ba tawa ba ce gaba ɗaya. A firamarenmu ƙashin saniya ake rataya wa wanda aka kama yana yaren gida. Ni dai na mayar da abin na ƙarfe ne, don ya dace da sana'a. Na zo da shi da safe, na tsaya gaban aji, na karanto dokar da Turancin da na yi ta maimaitawa a hanya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko wani yare, noti ya hau wuyansa. Ba zai sauka ba sai ya kama wani. Wanda aka tashi aiki yana wuyansa, gobe shara zai yi, ba zai taɓa inji ba. Injinan walda kuwa kaɗan ne, layi ake bi, rasa layin ba ƙaramar asara ba ce.

Na gama, na ga sun zuba mini ido. Ba wanda ya gane. Dole na sake faɗa da Hausa.

Mai surutun ya ɗaga hannu. "Malam, to ashe kai za ka fara buɗe mana shi."

Aji ya kwashe da dariya. Na taka har inda yake na rataya masa. Ya gyara zaman wayar kamar mai gyara wuyan riga, ya juya ya rusuna wa aji. Tun ranar suka sa wa notin suna lambar girma.

Gaskiya a farko abin ya yi aiki, ko da yake ba irin wanda na zata ba. Tunda an hana su Hausa, sai suka faɗa buroka, Turancin tasha da kasuwa, kowa yana kwaɓa abin da ya samu. Ɗakin aiki ya cika da hayaniya. Ana neman guduma da Turanci, ana rigimar layi da Turanci, ana tsokanar juna da wani abu mai kama da Turanci. Mai surutun ya fi kowa. In kalma ta ɓace masa sai ya ƙera tasa ya wuce, bai tsaya neman izini ba. Na taɓa jinsa yana yi wa wani bayanin yadda ake haɗa bakin bututu biyu, dalilin da ya sa ake fara goge gefen, da abin da zai faru in akwai ruwa a ciki. Rabin bayanin da baki, rabi da hannu da ƙafa, amma wanda ake yi wa ya gane sarai.

Malamar Turanci ta ji labari ta zo ta tsaya bakin ƙofa tana murmushi. Ta ce mini abin da take ta nema ke nan a ajinta bai samu ba. In bar su su yi ta yi, ita za ta riƙa gyara musu a hankali. Notin ne kawai bai yi mata ba, amma ta ce tunda wasa suka mayar da shi, ba komai. Na karɓi yabon kamar dama haka na tsara.

Sai ranar da firinsifal ya biyo da wani baƙo daga ma'aikatar ilimi. Sun iso daidai lokacin da mai surutun yake yi wa wani tsiya a kan ƙarfen da ya ƙone, da murya kamar ta kamashon mota. Baƙon ya ɗan tsaya, ya karkata kai, ya tambayi firinsifal ko nan tashar Kontagora ce. Firinsifal ya yi dariyar dole, sannan ya dube ni. Ni kuwa na ji kamar an karanta takardar firamarena a bainar jama'a.

Washegari na ƙara doka. Daga yau buroka ma laifi ce. Turancin da ba daidai ba, shi ma noti.

Ban tsaya na tambayi kaina wa zai yi alƙalanci ba, domin amsar a fili take: ni. Yadda nake yanke hukunci kuwa, yanzu zan iya faɗa tunda na tsufa. In ɗalibi ya yi magana na gane ta nan take, na san buroka ce, sai noti. In ya yi magana ban gane ba, sai in ɗauka Turanci ne mai zurfi, in gyaɗa kai. Wani mai wayo a cikinsu ya gano haka. Ya haddace dogayen jimloli daga littafin da ya zo tare da injin huda ƙarfe, duk abin da na tambaye shi sai ya zubo mini guda. Bai taɓa sa noti ba har ya gama makaranta, kuma da shi nake yi wa sauran misali.

Sauran suka yi lissafin da kowane mai hankali zai yi. In ka yi Hausa an kama ka, in ka gwada Turanci an kama ka, in ka yi shiru ba wanda ya isa ya taɓa ka. Kafin damina ta yi nisa ɗakin aikina ya zama kamar masallaci ana huɗuba. Suka ƙirƙiro yarensu na hannu. Bugun tebur yana nufin miƙo guduma, fito yana nufin Malam na zuwa, taɓa ido yana nufin za a kunna walda. Sun ƙware a wannan yaren cikin ɗan lokaci, abin da ya kamata ya nuna mini cewa ba kai ne ba su da shi ba.

Wanda noti ke wuyansa kuma ya zama mafarauci. Ya bar aikinsa ya riƙa zagaye da kunne a buɗe. Aka fara taka ƙafar juna da gangan. Wata rana tartsatsi ya faɗa wa wani cikin takalmi, ya ce wayyo, mai noti ya garzayo da shi gabana. Aka yi shari'a a tsaye. Wanda ake ƙara ya rantse da hannu cewa kuka ne ba magana ba. Na yi nazari, na yanke cewa kukan na Hausa ne. Har yau in na tuna fuskar da na yi lokacin yanke wannan hukunci, sai in ji ina neman inda zan sa kaina.

Mutum ɗaya ne ya ƙi shiga shirun, mai surutun. Ba taurin kai ba ne, bakinsa ne ba ya iya zama. Yakan yi ta juya magana a ransa, ka ga leɓensa na motsi, sannan ya sako ta da ƙarfin hali, kuma kusan kullum ni ina gane ta, wato dai laifi. Noti ya zama kamar nasa na gado. In wani ya kwana biyu da shi sai a ce ya ara ne. Ya fi kowa shara, ya fi kowa rasa layin inji. Wayar ta yi masa baƙin zane a bayan wuya, sai ya naɗe ta da tsumma.

Wata ranar Juma'a bayan an tashi, ya same ni ina wanke hannu. A waje muke, doka ba ta aiki, saboda haka ya yi Hausa.

"Malam, in yi tambaya?"

"Yi."

"In na yi Hausa, lambar girma. In na yi Turanci, lambar girma. Wanne ya rage?"

"Na daidai."

"A wace rumfa ake sayar da shi, in aika a sayo mini?"

Na ce in bai iya bakinsa ba zai yi sharar mako guda. Ya ce, "Ai dama ni da tsintsiyar mun saba, Malam, har ta fara jin Gbagyi." Ya yi dariya, amma ba irin wadda na sani ba. Ya ƙara da cewa babansa yakan tambaye shi duk Lahadi bayan coci ko Turancin ya fara shiga, shi kuma yakan ce masa yana wuya, saura kaɗan ya kai baki.

Ban san ranar da ya daina magana ba. Ba a sanar da irin wannan. Na dai lura wata safiya injin da yake kai ya fara wata ƙara. Ya kashe shi, ya zo gabana, ya buɗe baki. Ya dube ni, ya dubi wanda ke sanye da noti yana matsowa kusa. Sai ya rufe bakin ya nuna injin da yatsa. Na je na duba na gyara. A raina na ce, to, yaro ya fara natsuwa.

Malamar Turanci ce ta fara zuwa da ƙara. Ta same ni a ɗakin malamai, ranta a ɓace. Ta ce ɗalibaina da a da suka fi kowa magana a ajinta yanzu ko sunansu ta tambaya sai sun dubi bayansu. Ita ba ta jin Hausa sosai, ni kuma ba na iya bin Turancinta in ta yi sauri, saboda haka duk wannan rigima a kan haramta buroka, da buroka muka yi ta.

Ta ce, "Oga, mutum ba ya iya magana sai ya yi ta yin ta ba daidai ba tukuna. Kai ranar da ka fara walda, layinka ya miƙe?"

Na ce walda daban, Turanci daban.

Ta ce, "To ka bari su yi kuskuren a gabana, ni aikina ne in gyara."

Na ce, "Malama, ke baƙuwa ce. Shekara guda za ki yi ki koma garinku. Mu ne za mu zauna da kunyar."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce, "Kunyar wa?" Na ce ina da aji. Da wa'adinta ya cika ta tafi, aka yi mata ɗan biki, ni ma na yi jawabi.

A wannan zangon ne sufeto ya zo duba makaranta. Ya shiga ɗakin aikin kafintoci ya tarar ana hira da Hausa, ya shiga na makanikai ya tarar har da waƙa. Ya shigo nawa, ba abin da ke tashi sai ƙarar ƙarfe. Ya tsaya ya saurara, bai ji kalmar yare ko ɗaya ba. Bai ji ta Turanci ba ma, amma wannan bai shiga rahotonsa ba. Firinsifal ya yabe ni a gaban taro, aka ba ni shugabancin sashen ƙarfe. Ni kuma a kullum in shirun ya ishe ni, sai in zame in shiga sito wajen tsohon da ke tsaron kaya, in rufe ƙofa, mu sha hirarmu da Hausa har in ji wuyana ya saki, sannan in koma in ci gaba da tsaron Turanci.

Ƙarshen shekara wani kamfani mai shimfiɗa bututun ruwa ya aiko yana neman masu walda. Irin aikin da kowa yake mafarki ke nan, har da motar ɗaukar ma'aikata. Aka ce za a gwada hannu, sannan a gwada baki. Injiniyansu ya zo da kansa, wani jan Bature mai kauri. Aka ajiye tebur a ɗakin aikina, ya zauna, firinsifal a damansa, ni a hagunsa a matsayin shugaban sashe.

Da Baturen ya buɗe baki sai mamaki ya kama ni. Na gane duk abin da ya ce. Ashe ba Baturen Ingila ba ne, daga wata ƙasa yake inda shi ma koyon Turancin ya yi, kuma a bakin aiki, kamar ni. Yana jefo kalmomi ɗaya-ɗaya, yana cike giɓin da hannu. Da ɗalibina ne, da kafin azahar noti ya hau wuyansa.

A gwajin hannu mai surutun ya yi abin da ya kamata. Duk da layin injin da ya yi ta rasawa, haɗin bututunsa ya fito sumul. Baturen ya juya shi, ya shafa da babban yatsa, ya buga da guduma, ya ajiye shi gefe daban da sauran. Sannan aka kira shi gaban tebur.

Baturen ya ɗaga bututun ya tambaye shi me ya sa ya fara goge bakin kafin ya haɗa.

Mai surutun ya dube ni. Ya ce, "Yes sa."

Baturen ya sake tambaya a hankali, yana nuna gefen ƙarfen. Shiru. Ya canja tambaya: in ka zo haɗa bututu ka tarar da ruwa a ciki, me za ka yi? Wannan ita ce maganar da na ji shi yana yi wa abokinsa bayani da hannu da ƙafa watannin baya. Na san tana cikinsa. Na ga leɓensa na motsi, na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya sake dubana.

Baturen ba mugu ba ne. Ya jingina da kujera ya ce masa ya faɗa ko ta yaya, shi ba malamin makaranta ba ne, so yake kawai ya ji. Ya jira. Gumi ya jiƙa wa saurayin riga. Can ya ce, "Yes sa."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Da na ce masa da Hausa, yi irin wadda ka saba, ba noti yau, da ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Ko da tashi na yi na fita kamar zan kama ruwa, wataƙila da ya yi magana. Ban yi ko ɗaya ba. Firinsifal yana zaune, kuma in buroka ta fito daga bakin ɗalibina a gaban Bature, shugaban sashen da aka yaba a gaban taro ne zai ji kunya. Da ya yi shirun nan na ƙarshe, abin da na ji a raina sauƙi ne. Na zauna ina kallon aikin yana fita daga hannunsa, ina godiya a ɓoye cewa bai ba ni kunya ba.

Mai haddar littafin inji ya shigo bayansa. Aka tambaye shi ruwa a bututu, ya zubo bayanin yadda ake sa wa injin huda ƙarfe mai. Baturen ya yi dariya har da hawaye, ya sallame shi. Wanda aka ɗauka daga ajina wani ne da na sha kora saboda fashi, wanda ya fi zama a tashar mota fiye da makaranta. Haɗinsa dai ba yabo ba fallasa. Amma da aka tambaye shi sai ya buɗe baki da burokarsa ta tasha, shi da Baturen suka yi ta yi kamar tsofaffin abokai. Dokata ba ta same shi sosai ba, don ba ya zuwa.

Da za su tafi Baturen ya ɗauki bututun mai surutun ya nuna mini. Ya ce wannan ya fi kowanne, amma shi a cikin rami ake masa aiki, yana bukatar wanda in abu ya lalace zai ɗaga murya. Wanda ba ya magana hatsari ne ga kansa da na kusa da shi. Ya tambaye ni ko yaron haka aka haife shi. Na ce e, mai kunya ne.

Bayan an kwashe sabuwar doya, mahaifin mai surutun ya zo gidana a kan keke, ya ɗauro manya-manya a baya. Na yi zaton faɗa ya kawo. Ya sauke su a zaure, ya cire hula, muka gaisa.

Ya ce, "Malam, na zo godiya. Yaro ya ce ka yi ƙoƙari da shi sosai. Ya ce a aji duka ba wanda ka kula kamar shi, kullum kana kan shi."

Na ce ai aikinmu ne.

"Ya ce kan shi ne bai ɗauka ba. Shi ne ni ban gane ba. Yaron nan tun yana ƙarami, Banufe ya zo sayen doya, kafin ya tafi ya kwashe bakin shi. Bayarabe ya zo, haka. To wannan na Bature, ko akwai wani abu da suke sa wa a ciki?"

Na ce, "Rabo ne, Baba. Kowa da abin da aka rubuta masa."

Ya gyaɗa kai, ya ce haka ne. Ya ce a gida ma yanzu ya rage magana, uwarsa har ta fara tambaya ko aljanu ne. Na raka shi bakin hanya. Doyar kuwa na karɓa. Aka yi sakwara da ita, ta yi daɗi ƙwarai, kuma na ci na ƙoshi.

Ba zan ce na kashe wa saurayin rayuwa ba, wannan ma wani girman kai ne. Ya yi 'yan shekaru a gona, daga baya ya kafa rumfar walda a Kpakungu, yana ƙera ƙofofi da tagogi, ya yi aure, ya riƙe iyalinsa. Surutun ma ya dawo masa, da Hausa da sauran harsunan. Amma aikin da ya so, wanda mahaifinsa ya cire mini hula dominsa, bai samu ba, kuma bai sake zuwa intabiyu ko'ina ba. Na taɓa tsayawa a rumfarsa wani ma'aikaci ya zo yin odar ƙofar gida yana zuba Turanci. Ya saurare shi tsaf, na ga ya gane komai har da awon, sannan ya juya ya ba direban mutumin amsa da Hausa ya ce ya faɗa wa oga. Da suka tafi ya sa aka kawo mini lemo, ya tambayi lafiyar iyali. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin tayar da ita ba.

Kada kuma a zaci na daina tun ranar intabiyun nan. Na ci gaba da dokata shekaru bayan haka, ina yaye samari masu kyan hannu da ladabin shiru, ana yaba mini, har na yi ritaya.

Yanzu jikokina suna zuwa makarantun da aka rubuta a bango cewa an hana yaren gida, kuma na ji har yau akwai masu irin dabarata, wasu da bulala, wasu da tsayuwa a rana. Ina roƙon duk wanda aka ba amanar koya wa wani baƙon harshe, malami ne ko uba ko maigidan sana'a, in ya ga ɗalibi ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, ko me ya fito, ya bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Gyara ya biyo baya, kuma daga wanda ya san gyaran. In kuwa ya ji ransa yana son hukunta shi, ya tsaya ya tambayi kansa ko yaron yake karewa ko fuskarsa. Ni ban tambaya ba sai da amsar ta daina amfanar kowa. Don Allah kada ku yi irin nawa.